Shekarar da Kalman Ya Ci Idi a Ɗaki

Kalman Braunshtain mai gyaran agogo ne, ko da yake ya rufe shagonsa shekara shida da suka wuce, tun da idonsa ya fara yi masa gardama a kan ƙananan kusoshi. Shekararsa saba'in da huɗu. Arba'in da shida daga ciki a gida ɗaya ya yi su da matarsa Gitel, a hawan tsakiya na wani tsohon bene na jan bulo a Montreal, irin mai matakalar ƙarfe ta baya da take murɗewa har tsakar gida.

Duk unguwar da abu ɗaya aka san shi. Idan Idin Bukkoki na Yahudawa ya ƙarato, lokacin da kowane gida ke kafa bukka a ci abinci a cikinta, ba mai samun natsuwa da bukkarsa sai Reb Kalman, kamar yadda ake kiransa don girmamawa, ya zo ya zagaya ta. Yakan tsaya a tsakiya ya ɗaga kai ya duba ko inuwar rufin ta fi rana yawa, ya girgiza bango ya ji ko iska za ta kada shi, ya leƙa ko wani reshen bishiya ya shigo ta sama. In ya ce ta yi, mai gida ya yi ajiyar zuciya. In ya yi shiru yana shafa gemu, to a nemo guduma. Tasa bukkar a tsakar gida yake kafa ta kowace shekara, domin barandar maƙwabtan sama ta rufe tasu, bukka kuwa sai ta fuskanci sararin sama ba shamaki. Tun yana ɗan shekara goma sha uku bai taɓa kai ko lomar burodi baki a ƙarƙashin rufin ɗaki ba a cikin kwana bakwai na idin, kuma ba ya gajiya da faɗin haka.

A shekarar da nake ba da labari, mako uku kafin idi Gitel ta zame a banɗaki ta karya ƙashin kwatangwalo. Aka yi mata aiki, zazzaɓi ya biyo baya, sai ana saura kwana biyar aka sallamo ta. Ta dawo ta rame, hannunta na dama yana rawa, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta an jingina ta da ƙarfen dogarawa. Maganar sauka ƙasa ma likita ya ce kada a tayar da ita tukuna.

'Yarsu Fruma ta zo daga Toronto da mijinta Yoel da yaransu biyar, ta karɓi kicin. Kalman kuwa ya fito da katakansa kamar kullum. Shi da Yoel suka haɗa bangon, suka jera gora, suka shimfiɗa ɗanyun rassa masu ƙamshi a kai, Kalman yana ƙasa yana cewa a matsa wancan dama, a matsa wannan hagu, har Yoel ya yi gumi cikin sanyi. Jikoki suka rataye tuffa da sarƙoƙin takarda. Kalman ya hau ya gaya wa Gitel bukkar bana ta fi ta bara miƙewa. Ta ce ta yi murna.

Ranar farko ta idi, bayan an dawo daga majami'a, aka zauna cin abincin rana. Fruma ta kai wa uwarta miyar kaza da burodi a tire, ta gyara mata filo, ta buɗe mata taga don ta ji waƙa, ta sauko ta kama hidimar yara. Rana ta fito da kyau. Maƙwabcin ƙasa ya leƙo da kwalbar ruwan inabi, aka ba shi kujera. Aka yi waƙa, Yoel ya kawo wata tambaya daga karatunsa, Kalman ya warware masa ita dalla-dalla. Kusan awa biyu kafin ya tuna ya hau.

Ya tarar da Gitel a bakin gado, ƙafafunta a ƙasa, hannu biyu a kan ƙarfen dogarawa. Ba ta iya miƙewa ba, ba ta kuma iya komawa ta kwanta ba. Cokali yana ƙasa kusa da takalminta, miya ta sandare a kwano ba a taɓa ba. Ya tambaye ta tun yaushe take haka, ta ce ba da daɗewa ba, amma ya ga yadda yatsunta suka yi fari don riƙo. Ya ce me ya hana ta kira, ga taga a buɗe.

"Kuna tsakiyar waƙar da kake so," in ji ta. "Na ce bari ku kai ƙarshe, sai kuka ɗauko wata."

Ya ɗaga ta, ya raka ta banɗaki inda za ta, ya dawo da ita ya kwantar. Da yamma, a cin abinci na dare na biyu, sau uku yana tashi daga bukka ya hau ya dubo ta, yana saukowa yana haki. Shi bai ci da daɗi ba, ita ma ba ta ci ba. Fruma ta gwada ba ta a baki, ta sha cokali biyu ta kawar da kai, ta ce wa 'yar ta je ta kula da yaranta.

Washegari da aka idar da addu'ar safe, Kalman ya jira mutane suka ragu, ya tari malamin majami'ar, Rabbi Lefkovitz, mutumin da bai kai shekarun babban ɗan Kalman ba. Bai faɗi abin da ke damunsa kai tsaye ba. Sai ya tambaya mene ne mafi ƙanƙantar abin da mutum zai ci a bukka a ce ya sauke nauyi, da kuma ko wanda ya yi albarka ya zauna, ya tashi ya hau bene ya dawo, sai ya sake albarkar. Malamin ya saurare shi yana naɗe mayafin addu'arsa, sannan ya tambayi jikin Gitel. Kalman ya ce da sauƙi. Malamin ya tambaya ko tana cin abinci. Kalman ya ce tana ci in yana zaune kusa da ita.

"Reb Kalman," in ji malamin, "wannan dokar kai ka koya wa rabin mutanen da ke cikin ɗakin nan. Marar lafiya ba bukka a kansa, mai jinyarsa ma haka."

Kalman ya ce ai ga Fruma.

"Fruma tana da bakuna biyar da take ciyarwa, kuma ka ce ba a hannunta take ci ba. Attaura cewa ta yi a zauna a bukka yadda ake zama a gida. In da ba idi, za ka bar ta ita kaɗai da kwano ka sauka tsakar gida kana waƙa?"

Kalman ya ce shekara sittin da ɗaya bai taɓa fashi ba. Malamin ya ce ya sani, duk garin ma ya sani. Ya ƙara da cewa, yana murmushi, malaman da suka rubuta dokokin nan ba su yaba wa mutumin da aka ɗauke wa nauyi ya nace sai ya ɗauka ba, har ma akwai sunan da suke kiransa da shi, wanda shi ba zai iya faɗa wa dattijo ba. Kalman ya san sunan. Ya gyara hularsa ya fita bai yi dariya ba.

A gida ya gaya wa Yoel cewa yau shi Yoel ɗin ne zai ja addu'ar tsarkake rana a kan kofin ruwan inabi, ya kuma yanka burodi. Yoel ya zaci gwada shi ake, sai da Fruma ta taɓa masa hannu. An kai tukwane ƙasa tun kafin su dawo, saboda haka Kalman ya sa aka zuba kwano biyu a tire, ya ɗauka da kansa ya kama matakala. Bai taɓa hawanta da abu mai zuba a hannu ba. Matakalar murɗewa take, takun cikin lanƙwasa ƙanana ne, ga ba hannun da zai kama ƙarfen gefe. Kafin ya kai sama rabin miyar tana cikin tire, hannun rigarsa ta idi ya jiƙe.

Gitel ta dube shi, ta dubi tiren, ta ce ko kogi ya ratso. Ya ajiye, ya jawo kujera, ya zauna ya naɗe hannu. Ya ba ta miya cokali-cokali, ta sha, amma shi bai taɓa tasa ba. Burodin yana gabansa yana kallonsa, lokaci-lokaci ya ɗaga kai ya harari silin.

"Ka zauna kamar wanda ya zo ta'aziyya," in ji ta. "Ban mutu ba, Kalman. In da wannan fuskar za ka yi jinyata, sauka ka turo mini Yoel, shi aƙalla yana da labari."

Ya ce ba inda za shi, malam ya yanke hukunci. Ta ce to, tunda hukunci ne, sai ya ci burodinsa a huta. Ya je ya wanke hannu, ya dawo ya yi albarka, ya tsoma lomar a zuma ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa. Silin bai faɗo ba, in ji Gitel, ya ƙara wata.

Waƙa ta taso daga ƙasa, muryar Yoel a gaba, yara suna binsa a karkace. Gitel ta karkata kunne ta ce sun gama kifi, yanzu Fruma za ta buɗe tukunyar kabeji. Ba a jima ba aka ji ƙarar murfi. Kalman ya tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ce da kunne ta yi wannan aikin shekara da shekaru: in cokula suka yi shiru miya ta ƙare, in ya fara wa'azinsa na rassa huɗu da ake yin albarka da su a idi tana da minti goma ta juya nama, in aka ɗauko waƙa mai sauri a sauko da shayi.

Ya ce amma ai tare suke ci.

"Nakan zauna a yi addu'a a yanka burodi," in ji ta. "Daga nan kuma wa kake tsammani yake hawa da sauka? A tagar kicin nake cin nawa, a tsaye, da kwano a hannu."

Kalman ya ajiye cokali. Ya shiga lalube cikin shekarun nan yana neman hotonta a zaune a bukka daga farkon cin abinci har ƙarshe, bai samu ba. Abin da ya gani shi ne hannunta yana ajiye kwano a gabansa, da gefen rigarta tana fita ta ƙofa. Ya tuna hannun rigarsa da ya jiƙe a hawa ɗaya tak. Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi, ta ce kada ya soma, ba ƙara take kawowa ba. Dokar ba ta hau kan mata ba, kuma ita ta fi kowa wurin zama mai kyau. Daga sama tana ganinsu duka ta ratar ganye: hularsa tana kaɗawa in yana bayani, Fruma tana ƙarama tana zura wa kyanwar maƙwabta kifi ta ƙarƙashin bango, 'yan'uwanta maza suna harbin juna da ƙafa a ƙarƙashin tebur suna sunkuyar da kai kamar salihai. Ta ce abubuwan da ta gani daga tagar nan, in ta faɗa, akwai waɗanda har yau za su sha faɗa.

Tagar ɗakin kwanan ma tsakar gida take kallo. Kalman ya tashi ya janye ƙaramin tebur, ya tura kujerar hutawa bakin taga, ya ɗaga Gitel a hankali ya zaunar da ita, ya lulluɓe mata ƙafa. Ya jawo tasa kujerar kusa. Bai taɓa ganin bukkarsa daga sama da mutane a ciki ba. Kore ce shar, rana tana ratsa ta tsilli-tsilli, ga kawunan jikokinsa suna motsi a ƙarƙashi. Ya ga ƙaramarsu tana tsince zabibi daga burodi tana tarawa a aljihu. Ya ga Yoel a kujerarsa, ya zauna a bakin-baki kamar mai jiran a ce ya tashi.

Sai idonsa ya faɗa kan kusurwar gabas, inda iska ta ture reshe ɗaya ta bar rata tsakanin rufi da bango. Ya miƙe zumbur zai ƙwala wa Yoel kira. Gitel ta kama masa riga.

"Nawa ne faɗinta?"

Ya ƙanƙance ido ya auna da kallo. Ya ce faɗin tafi biyu, ko biyu da ɗan wani abu.

"Kai ka ce duk ratar da ba ta kai tafi uku ba, a haɗe ake lissafa ta. Sau ɗari na ji ka faɗa daga kicin. In Mai dokar ya kawar da kai a kan tafi biyu, kai ma zauna ka sha miyarka."

Ya zauna. Miyar ta huce, amma ya shanye, ya kuma sauka ya hawo da naɗin kabeji, wannan karon yana taka matakalar a karkace yadda ta gaya masa.

Daga ranar haka suka yi. Da safe kafin ya tafi majami'a yakan kawo mata reshen dabino da sauran rassan da aka ɗaure da shi, da etrog, lemon idin nan mai ƙamshi, don ta yi albarka. Ko da yake kwanakin da doka ta ce sai abin ya zama na mutum kansa sun wuce, bai fasa faɗin kalmomin da ya saba ba, cewa kyauta ce ya ba ta da sharaɗin ta mayar. Ta ce tun aurensu kyautar da ta fi samu daga gare shi ke nan, wadda ake tsaye a kanta ana jira. Da ta riƙe rassan hannunta ya kama rawa, ganyen dabinon suna kaɗawa da kansu, ta ce ga aiki ɗaya da wannan hannun ya fi na kowa iyawa. Ya tallafe mata gwiwar hannu ta juya su gabas da kudu, yamma da arewa, sama da ƙasa. In ta gama takan riƙe lemon a hanci ta daɗe, shi kuma ya daina duba agogo.

Abincin rana a bakin taga suke ci. Ta fara cinye rabin kwano, sannan kwano guda. Wani lokaci takan yi barci a kujera da rana, Kalman ya zauna da littafinsa a cinya. Ranar farko da hakan ta faru ya yi tunanin ya lallaɓa ya sauka ya sha ko shayi ne a bukka, har ya kai bakin ƙofa, sai ya tuna za ta iya farkawa ta nemi tashi. Ya dawo ya zauna. Ba za a ce abin ya daina yi masa ciwo ba. In iska ta kawo ƙamshin rassan nan, ko ya ji Yoel ya ja waƙa ba yadda ake janta ba, sai ya kawar da kai daga taga. Gitel tana lura, sai ta miƙo masa hannu ya riƙe.

Rana ta biyar hadari ya haɗu tun hantsi. An zuba miya ke nan ruwa ya sauko, ba yayyafi ba, ruwa na sosai mai ratsa ganye ya faɗa cikin kwano. Daga taga suka ga Yoel ya ɗaga kai yana duban bene, ruwa yana bin gemunsa, ya rasa ko ya tashi ko ya daure don kunyar surukinsa. Kalman ya ɗaga taga ya leƙa.

"Yoel, me kake jira? Ruwa ya shiga miya, an sallame ku. Ku kwaso yaran ku hawo, kuma ban da gunaguni, haka dokar ta ce."

Suka hawo a guje, kowa da abin da ya ɗauka, wannan tukunya, wannan burodi a ƙarƙashin riga, ƙaramar da gishiri kawai. Fruma ta nufi teburin falo, Gitel ta ce a'a, a kawo nan. Aka shimfiɗa zanen tebur a kan gado, yara suka zauna a ƙasa da tawul a ka, Yoel ya ɗauko kujerun kicin. Ɗakin ya cika da ƙamshin miya da na jiƙaƙƙen ulu. Gitel tana kujerarta a tsakiya, ba ta tashi ko sau ɗaya ba, aka zuba mata, aka ƙara mata. Ta ba jikokin labarin uwarsu da kyanwar maƙwabta, Fruma ta rufe fuska tana cewa Mami ta rufa mata asiri. Kalman ya ja waƙa, kuma ya ja ta yadda ake janta. Ruwa ya tsaya tun ba su kai ga shayi ba, Yoel ya tambaya ko a koma ƙasa. Kalman ya ce wanda ruwa ya kora ba a tilasta masa komawa a tsakiyar cin abinci, kowa ya zauna inda yake.

Idi ya ƙare, kwana biyun da ke rufe shi ma suka wuce. Yoel ya kwance bukkar da safiyar tafiyarsu, ya jera katakan a ɗakin ajiya. Fruma ta cika firji da abinci, ta rubuta lokutan magani ta manna a ƙofa, ta rungume uwarta ta daɗe. Ta ce wa ubanta, "Tati, in abin ya yi maka yawa ka kira ni, kada ka yi shiru." Ya ce ya ji. Mota ta tashi, gidan ya koma tsit.

Gitel ta warke a hankali. Kafin tsakiyar hunturu tana zagaya gida da sanda, ko da yake rawar hannun ba ta bar ta ba har ƙarshen rayuwarta. Amma a ranar nan da baƙi suka tafi, tana zaune a bakin gado, ta zame ɗankwalinta ta shafa kai ta ce tun asibiti ba a wanke mata gashi da kyau ba, kuma ta ji nauyin ta ƙara wa Fruma aiki. Kalman ya ce shi bai san yadda ake yi ba. Ta ce za ta gaya masa.

Ya kawo roba da buta da tawul biyu. Ya gwada ruwan a bayan hannunsa, ta ce ya yi zafi, ya sirka. Ya mayar da ita kujerar hutawa, ta kwantar da kai baya a kan hannun kujerar ta rufe ido. Ya zuba kaɗan-kaɗan yana tare mata goshi da tafinsa don kada ya shiga ido. Gashin ya yi fari fat, ya kuma yi laushi fiye da yadda ya sani. Ya sa sabulu yana murzawa da kan yatsu kamar mai tsoron ya fasa wani abu.

"Ƙara ƙarfi," in ji ta, ido a rufe. "Bayan kunne ma."

Ya ƙara ƙarfi, ya bi bayan kunne.